Likitan Waya Da Ciwon Fitsari: Ina Iyakar Amfaninsa?

Jama'a, yau ina so mu taɓa wani ciwo wanda kunya ta hana a riƙa ambatonsa a zaure, alhali kuwa da wuya ka shiga gida uku a Agege, ko Sabo ta Badun, ko unguwar Hausawa ta Fatakwal, ba ka tarar da wadda take fama da shi a ɓoye ba. Ina nufin ciwon fitsari, watau mutum ya riƙa jin raɗaɗi in yana fitsari, ya riƙa zaryar bayan gida amma ɗan kaɗan ne yake fitowa, mara tana ciwo, wani lokaci fitsarin ya gurɓace har ya yi wari.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, kwanakin baya matar wani maƙwabcina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta yi mako guda tana wannan wahala ba ta gaya wa kowa ba. Da abin ya ci tura sai ta faɗa wa 'yarta, ita kuwa 'yar makaranta ce, ta ɗauki waya ta haɗa ta da wata likita mace ta cikin irin kamfanonin nan masu duba marasa lafiya ta intanet. Likitar ta yi mata tambayoyi: tana da ciki? Akwai zazzaɓi ko amai? Kwiɓinta yana ciwo? Ta ga jini? Akwai maganin da jikinta ba ya so? Da ta ji amsoshin sai ta rubuta magani ta aiko ta wayar, aka je babban kantin magani aka saya. Kafin kwana biyu raɗaɗin ya kwanta, ta kuma shanye maganin har ƙarshe kamar yadda aka umurce ta.

Wannan hanya ta ganin likita ba daɗewa ta yi ba. Ta yaɗu ne sosai tun daga ƙarshen watan Maris na 1920 da ɗari, watau 2020, sa'ad da aka kulle Ikko da Ogun da Abuja saboda annobar korona, mutane suka rasa yadda za su kai kansu asibiti. A ganina alheri ce, musamman ga matanmu. Duk wanda ya zauna Kurmi ya san abin da zuwa asibiti yake nufi: kuɗin mota, cunkoso, layin kati tun da asuba, sa'an nan in an shiga a tarar da namiji, a ce Hajiya ta bayyana masa ciwon mararta da harshen da ba ta ji, ɗanta na cikinta yana tsaye yana tafinta. Mata da yawa sun gwammace su haƙura da ciwon. To, in waya za ta kawo likita mace har cikin ɗaki, wa zai ƙi?

Kuma likitoci da kansu sun yarda cewa irin wannan ciwo, in ga mace ce baliga wadda ba ta da ciki ba ta kuma da wata cuta, sau da yawa tambayoyi sun isa a gane shi. Sanadinsa yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna E. coli wadda mazauninta hanji, ta ɓace hanya ta shiga mafitsara. Ya fi kama mata domin hanyar fitsarinsu gajeriya ce, kimanin santimita 4, ta namiji kuwa ta kai wajen 20. Kusan rabin mata sai sun gamu da shi ko da sau ɗaya ne a rayuwarsu. Saboda haka ba alamar ƙazanta ba ne, ba kuma shaidar cewa mace ta yi wani abin assha ba ne. Maigida ya ji wannan da kyau, domin na san gidajen da zargi ya shiga a kan ciwon da ƙwayoyin kwana biyar suke warkarwa.

Amma fa a nan gizo yake saƙa. Da labarin warkewar matar nan ya bazu a gidan, sai ƙanen mijinta, saurayi mai tura baro wanda bai daɗe da zuwa daga gida ba, ya ɗauki kwalin maganin ya je ya sayo irinsa, tun da shi ma, in ji shi, sanyi yake damunsa. Ya sha, shiru. Ya ƙara saye, shiru. Sai da aka kai shi aka auna fitsarinsa aka ga ashe tsargiya ce, wadda ya ɗauko tun yana yaro wajen wanka a ruwan fadamar garinsu. Ita tsargiya tsutsa ce, alamarta jini a ƙarshen fitsari, maganinta kuma dabam, ana ce da shi praziquantel, yawanci a rana ɗaya ake shansa bisa ga nauyin mutum. Kuɗin da ya zubar a banza sun fi na awon.

Babbar matsalarmu ita ce wannan kalma ta "sanyi". Mun zuba cututtuka barkatai cikin ƙwarya ɗaya mun rufe da faifai ɗaya. Ciwon mafitsara sanyi, ƙaiƙayin gaba sanyi, cutar da ake ɗauka wajen saduwa sanyi, har ciwon baya ma sanyi. Kowannensu kuwa da maganinsa, wani ma dole a yi wa miji da mata tare in ba haka ba ya yi ta dawowa. Likitan da yake waya ba ya ganinka balle ya taɓa ka. Abin da ka faɗa masa da shi zai yi aiki. In ka ce masa "sanyi" ka yi shiru, ka ɓatar da shi ka ɓatar da kanka. A gaya masa abin da ake ji filla-filla: yaushe ya fara, a ina yake zafi, akwai ruwa ko mugunya da ke fita, wane magani aka riga aka sha.

Akwai kuma waɗanda waya ba ta ishe su ba sam, domin gani ya kori ji. Mace mai ciki ta tafi asibiti, saboda ciwon yana iya hawa ƙoda ya kuma jawo haihuwa kafin lokaci. Namiji ko wane iri ne a auna shi, balle dattijo wanda fitsari yake yi masa gardama, domin mai yiwuwa wani abu ne ya toshe hanya. Haka ƙaramin yaro, da mai ciwon sukari, da wadda ciwon yake ta komo mata. Duk wanda kuwa ya ji zazzaɓi da rawar ɗari, da amai, da ciwo a kwiɓi ta wajen baya, to kada ya tsaya neman kati a waya, ya nufi asibiti a ranar, kada kuma ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya tsaya jiƙa saiwa. Likitan waya na ƙwarai shi da kansa zai ce maka wannan ya fi ƙarfin waya. Wanda ya ce zai warkar da kome daga nesa, a guje shi.

Wannan ya kawo ni ga 'yan damfara. Facebook da WhatsApp cike suke da masu kiran kansu Dokta, sun rataya farar riga an ɗauke su hoto, suna tallar "maganin sanyi sadidan", a tura kuɗi a aiko da kwalba ta tasha. Ba su da bambanci da mai lasifika a bakin kasuwa, sai dai shi ka san inda za ka same shi gobe. Likitan gaske yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma ba laifi ba ne ka tambaye shi cikakken sunansa da lambarsa. Shi tambaya yake yi kafin ya ambaci magani, ba ya kuma tilasta maka saye daga hannunsa. In an je saye a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar maganin.

Ban manta da ɗan kemis na kan kwana ba, wanda yawancinmu shi ne likitanmu na farko. Ka ba shi abin da ke aljihunka ya ƙirgo maka kafso huɗu, ja da rawaya, ko Ampiclox, ko Septrin, ka sha kwana biyu ka ji dama-dama ka watsar. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, gobe maganin ya zama kamar ka haɗiyi tsakuwa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi tsanani. Shi ya sa in an sha magani kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, a koma wa likitan, a kai fitsari a yi awon da ake shuka shi, wanda yakan ɗauki kwana biyu ko uku ya nuna maganin da zai ci ƙwayar. A garuruwan Kudu akwai ɗakunan awo, ba sai an bi layin babban asibiti ba.

Saura batun harshe, shi ne kuma roƙona ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu. Yawancin masu amsa wayar nan a Ikko Turanci suke yi, matanmu da dattawanmu kuwa ba su ji. Ga 'ya'yanmu likitoci mata da maza a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, waya kuma ba ruwanta da nisa. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin kai gawa gida, ba za ta kasa daidaitawa da likitoci biyu ko uku masu rajista masu jin Hausa ba, a tsayar da kuɗin gani, a liƙa lambobinsu a ƙofar masallaci da makarantar Islamiyya ta matan aure. A kuma duba bayan gidan kasuwa, domin mai talla da take ƙin shan ruwa tana riƙe fitsari tun safe har la'asar, gudun ƙazantar wurin da kuɗin shiga, ita ce za ta sake buga wayar nan wata mai zuwa.