Harajin Asibiti a Gana: A Auna Aljihu, Ba Shekaru Ba

Jama'a 'yan kasuwa, yau ban da farashin goro da na atamfa muna da magana a kan wani haraji da ke kwance cikin kuɗin kaya a Gana. Duk mai sayayya a kasuwar Kejetia ta Kumasi ko a Nima yana biyansa, ko ya sani ko bai sani ba.

A 2003 gwamnatin Kufuor ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, don a rabu da tsarin nan na sai ka biya kafin likita ya duba ka. Mun yaba. To, amma mafi yawan kuɗin daga kasuwa yake fitowa: kashi 2.5 cikin 100 a kan kaya, wato sidi 2 da rabi a kowane sidi 100. An tsame ɗanyen abincin gona, madalla. Sabulu fa? Siminti fa? Yarinya 'yar dako da attajiri mai manyan motoci, in sun sayi sabulu sanda guda, harajinsu ɗaya.

A 2026 an ɗaga iyakar cinikin da ke tilasta wa mai sayar da kaya rajistar haraji, daga sidi 200,000 zuwa 750,000 a shekara. Ƙaramin ɗan tireda ya huta da takardu, gaskiya ne. Sai dai kayan da ya saro wurin babban dila sun zo da harajin a jikinsu, mai saye ne zai biya.

Inda abin ya fi ci mana rai shi ne kuɗin shiga na shekara. An yafe shi ga yara 'yan ƙasa da 18, da masu 70 zuwa sama, da mata masu ciki. Ke nan dattijo mai gidajen haya an yafe masa, 'yar dako mai shekara 25 kuwa ta biya a sabulu, ta sake biya a kati. Akwai rangwamen matalauta, amma sharaɗinsa sai wanda ba sana'a ba matsuguni. Haba! Mai tallan koko ai tana da sana'a, ribar ce ba ta kai ta kawo ba.

Mu dai muna roƙon hukuma ta yanka iyaka a kan abin da mutum ke samu, wanda bai kai ba a ba shi kati kyauta. In an ce wa zai auna samun wanda ba ya albashi, a tambayi shugabannin kasuwa da magajiyoyin zango. Sun san mai ciniki, sun san wadda ke kwana a bakin rumfa.