Makaho a Bayan Na'ura: Ƙorafi ga Masu Sayen Kayan Situdiyo

A ƙasar Hausa babu mai mamakin makaho mawaƙi. Aliyu Namangi na Zariya ya tsara Imfiraji ba da ido ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Audu Makaho na Birnin Kabi ya bar suna, kuma a Damagaram, garin Ma'azu Ɗan Alalo inda waƙa ke da gindin zama tun daga ƙofar fada har Zango, an saba jin muryar makafi a kasuwa da bakin masallaci. Amma da a ce makaho ya shiga situdiyo ya nemi kujerar mai ɗaukar sauti, nan take za a soma kallon-kallo. An yarda ya rera, ba a yarda ya riƙe linzami ba. Wannan rashin adalci ne, kuma yana farawa tun ranar da aka tafi sayen kaya.

Situdiyon yau bai wuce kwamfuta da makirfo da wani ɗan akwati mai haɗa su ba, wanda ke mai da murya lissafin da kwamfuta ke ganewa. Ta ɓangaren kwamfuta an riga an share hanya. Tun shekarar 2006 wasu makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka soma samar da NVDA, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo, kyauta, kuma tana magana da Faransanci. Kwamfutocin Apple suna zuwa da VoiceOver tun 2005. James Teh ɗin nan ya ƙara da OSARA, wadda ke ba makaho damar ɗauka da yanka da haɗa waƙa a manhajar REAPER da maɓallan rubutu kaɗai. Saura akwatin nan na tsakiya, kuma a nan gizo ke saƙar.

Akwatunan iri biyu ne. Akwai wanda kowane aiki ke da maɓallinsa: abin murɗawa mai farko da ƙarshe, wanda yatsa ke gane inda ya tsaya, da maɓallin wutar bolt 48 da wasu makirfo ke bukata, wanda in an danna ya shige, in an sake dannawa ya fito. Akwai kuma wanda aka tara komai a maɓalli guda mai juyawa ba iyaka, ma'anarsa na canzawa bisa launin fitila, ko aka ɓoye saitinsa cikin manhaja mai zane-zane wadda mai karanta allo ke isa gare ta ya yi tsit. Na farko makaho zai ƙware da shi cikin yini guda. Na biyu kuwa ƙofa ce da aka kulle aka ba masu ido mabuɗi. Abin takaici, mai sayen kayan rediyon al'umma ko gidan matasa ya fi karkata ga na biyun, don ƙyalƙyalinsa ya fi burge baƙi ranar buɗe wuri.

Za a ce kuɗi ne. Wannan hujja ba ta da ƙafa, domin akwatunan da suka fi sauƙin sarrafawa da hannu galibi suna cikin masu araha, suna shan wuta daga kwamfuta ta igiyar USB, abin da ya dace da garin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Kamfanin Focusrite ma, a jerin Scarlett da ya fitar a 2023, ya sa manhajarsa ta yi aiki da masu karanta allo, ya kuma ƙara maɓallin da ke daidaita ƙarfin murya da kansa, don kada a dogara da jar fitila. Ashe abin da ya rage tambaya ce guda kafin a biya kuɗi, kuma ita ce ba a yi.

Za a kuma ce makaho yana da ɗan jagora, sai ya duba masa. Wanda ya faɗi haka bai san sana'ar ba. Mai juya maɓalli shi ke yanke yadda waƙa za ta fito, shi ke riƙe asalin faifai, shi ake biya. Mawaƙin da sai an duba masa allo ya zama ɗan haya a cikin waƙarsa. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne: Cobhams Asuquo na Najeriya, wanda aka haifa makaho, shi ya tsara kundin farko na mawaƙiya Asa a 2007, kundin da ya zagaya duniya. Aikin kunne ne, kuma babu wanda ya fi makaho horar da kunne.

Maganar ta fi nauyi a Damagaram, domin jihar na cikin waɗanda ciwon tarakoma ya fi yi wa ɓarna a Nijar. Ƙasar ta kafa dokar kare naƙasassu tun 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Amma doka ba ta murɗa maɓalli. Muddin ana tara makafi a taro ana raba musu sanda da buhun gero, alhali ana cika ɗakunan ɗaukar sauti da kayan da ba za su iya taɓawa ba, to ƙoƙon bara aka sake miƙa musu da sabon fenti.

Gyaran ba shi da wuya. Duk mai sayen akwatin sauti da kuɗin jama'a ko na masu tallafi, ya kira makaho daga ƙungiyar makafi ya gwada shi tukuna, da allo a kashe. In ya iya haɗa makirfo, ya daidaita murya, ya ɗauki baiti guda ba tare da an kama masa hannu ba, a saya. In bai iya ba, a mayar wa mai kanti kayansa.