Hannu a Gindin Buhu: Koyar da Ƙididdiga ga Ɗaliban Sabon Birni da Isa

Duk wanda ya bi ta kwalejin ilmi ko jami'a a ƙasar nan ya san darasin share fagen ƙididdiga, ya kuma san yadda ɗaliban sashen Hausa ke ɗaukar sa tamkar maganin ɗaci. Ni ma haka na shanye shi. An rubuta mana ƙa'idoji a allo da Ingilishi da haruffan Girkanci, muka haddace, muka ci jarrabawa, muka manta. Sai da na zo aikin digiri na biyu, na koma yankin Sabon Birni da Isa da takardun tambayoyi a jaka, sannan na gane cewa na iya lissafa kashi cikin ɗari, amma ban san waɗanda lissafin nawa ke wakilta ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, an juya darasin kai a ƙasa. Ana fara shi da ƙa'idar lissafi, alhali kamata ya yi a fara da tambayar wa aka ƙirga, wa aka tsallake, kuma a yi ta da harshen da ɗalibi ke tunani da shi.

Ɗalibin da ya taso a ƙasar Gobir bai shigo aji da kai fanko ba. Ya ga yadda mai sayen gero a kasuwa ke yi. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, domin ya san mai kaya kan ɗora mai kyau a sama. Yakan tura hannu can ƙasa, ya ɗebo daga tsakiya da gefe, ya murza a tafi, ya hura, sannan ya yi tayi. Wannan shi ne ɗaukar samfuri, kuma shi ne rabin darasin baki ɗaya: yadda za a yi hukunci a kan buhu daga tafin hannu guda, da sharaɗin da ke sa hukuncin ya inganta. Malamin da ya fara daga nan ya samu abin da zai gina a kai. Wanda ya fara da haruffan Girkanci kuwa ya nuna wa ɗalibi, ko da bai furta ba, cewa wannan ilmi na waɗansu ne.

Haka batun matsakaici. A ce ƙauye mai gida goma, tara daga ciki kowanne na da shanu 2, na goma yana da 182. Jimla 200, in an raba daidai kowane gida ya tashi da 20. Lissafin bai yi ƙarya ba, amma babu gida ko ɗaya a ƙauyen da ke da shanu 20. Wanda ya jera gidajen ya ɗauki na tsakiya zai samu 2, kuma wannan ya fi kusa da rayuwar mutanen. Ɗalibi zai fahimci bambancin cikin minti biyar idan an faɗa masa da Hausa, sai dai sau da yawa yakan kammala zango bai san dalilin da ya sa ma'aunin ya zama iri biyu ba.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne wajen waɗanda hannu bai kai gare su ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya ta 2006 ce, wadda ta ba Sabon Birni mutum kimanin dubu 207, Isa kuma kimanin dubu 146. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Tsakanin wancan lokaci da yau, ta'addancin 'yan bindiga ya tashi garuruwa, dubban mutane sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, waɗansu sun kwararo Sakkwato. Duk da haka za ka ga kundin ɗalibi ya ɗauki alƙaluman 2006, ya ƙara musu wani kaso na haɓaka a kowace shekara, ya ce ga yawan mutanen yankin, kamar dai ba abin da ya faru.

Ni kaina na faɗa irin wannan rami. Waɗanda na samu yi wa tambayoyi su ne mazauna cikin gari da masu gudun hijirar da suka iso inda mota ke zuwa. Mutanen ƙauyukan da hanya ta yanke, waɗanda watakila a bakinsu ne Gobiranci ya fi tsira daga gaurayar karin birni, ba su shiga takardata ba. Bakin buhu na ɗiba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan biyu. Duk mai nazarin da ya dogara da waya a lokacin, waɗanda suka fita kawai ya ji. Turawa ma sun sha wannan darasi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt, sai Roosevelt ya yi nasara da gagarumin rinjaye. Yawan amsa bai wanke kuskuren zaɓen waɗanda aka tambaya ba.

Akwai kuma abin da ɗan sashen Hausa ya fi malamin lissafi sani. Tambayi dattijuwa yawan 'ya'yanta, tana iya tsallake ɗan fari saboda alkunya. Tambayi makiyayi yawan dabbobinsa, ka tuna cewa tun zamanin jangali ƙirga na tafe da biya, yau kuma wanda aka san yana da dukiya shi ake bi da dare. Lokacin da aka ƙone motar matafiya kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021, adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen yankin suka faɗa ba su zo ɗaya ba. Darasin da bai koya wa ɗalibi tambayar wa ya faɗi lamba, da me yake tsoro ko yake fata ba, ya bar shi da na'ura mai niƙa duk abin da aka zuba mata.

Za a ce jarrabawa da Ingilishi ake yin ta, manhajojin kwamfuta irin su SPSS ma haka, kuma Hausa ba ta da daidaitattun kalmomin fannin. Biyu na farko gaskiya ne, kuma ban ce a yar da Ingilishi ba. Cewa na yi a fara kafa ma'ana da Hausa, sannan a rataya mata sunanta na Ingilishi, yadda malamin zaure ke fassara ilmin gado da nisabin zakka ba tare da ya jefar da Larabci ba. Na uku kuwa laifinmu ne. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya shirya a 1990 ya sama wa nazarin harshe da adabi kalmomin da muke aiki da su a aji har yau. Ba mu yi wa dabarun bincike irin wannan hidima yadda ya kamata ba. Ƙasar da ta fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, ba za a ce lamba baƙuwarta ce ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba. Sashen Hausa da na lissafi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a kowace kwalejin da ɗaliban gabashin Sakkwato ke karatu, su zauna su amince da kalmomi talatin ko arba'in na matakin farko. A sa kowane ɗalibi ya rubuta farashin mudun gero a kasuwar garinsu na tsawon makonni, a kawo aji a yi darasin da shi. A kuma wajabta wa kowane kundi shafi guda da zai ambaci garuruwan da mai bincike bai iya shiga ba, da dalilin hakan, da yadda rashinsu zai iya karkatar da sakamako. Da an nemi wannan shafi a wurina, da jerin garuruwan da ban kai ba ya fi na waɗanda na kai tsawo.