Fuskar Kwamfuta Ita Ce Mudun Mai Hoto

 Yau maganata da matasanmu ce masu sana'ar ɗaukar hoton biki da suna, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabo ta Ibadan.

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun tashi mun ga iyayenmu ba sa wasa da mudu da sikeli. To ni a ganina fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce mudun mai hoto. In ba a daidaita ta ba, duk launin da ka auna da ita ƙarya ne. Shi ya sa za ka ga an wanko hoto, farar shaddar ango ta koma ruwan ƙwai, fuskar amarya ta yi duhu, a dawo ana zagin mai wanki.

Dalili shi ne yawancinmu tokumbo muke saye a Computer Village da ke Ikeja, kuma irin waɗannan sun fi zuwa da haske mai yawa da ratsin shuɗi. Kai kuwa sai ka rage hasken hoton ka ƙara masa rawaya, kana ganin gyara kake yi. Wasu kuma da zarar an ɗauke wuta sun koma kan batir, da kansu suke rage haske.

Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. A kansa ake saita farin fuskar a 6500K, gamma kuma a 2.2; haske kuwa masu hoto kan saita shi wajen kandela 120. Tun fitowar Windows 7 a 2009 akwai manhajar saita launi a cikin Windows, kyauta. Ka bar kwamfutar a kunne rabin awa tukuna, ka kashe Night Light, kada ka zauna inda rana ke dukan fuskar.

Sai dai ido yana yaudara. Abin da ya fi shi ne 'yar na'urar awo irin Spyder, wadda ake ratayawa a kan fuskar ta auna launukan da kanta. Na san za a ce tana da tsada. To ai ba kullum ake buƙatarta ba, sau ɗaya a wata ya isa. Me zai hana mutum goma su yi karo-karo su sayi ɗaya, ta riƙa zagayawa kamar adashi?

Wani zai ce ai wayoyin masu kallo ma ba ɗaya ba ne. Gaskiya ne, amma lalacewar mudun wani ba ta ba ka damar sakaci da naka. Mu baƙi ne a nan, amana ce jarinmu, kuma bikin mutum ba ya maimaituwa balle a sake ɗauka.

Allah ya sa wa sana'armu albarka, amin.