Damben keji da kokowar gida

A Tsauni, kamar sauran garuruwan ƙasar Matamaye, samari sun duƙufa ga kallon wani wasa a wayar hannu, wanda ake yi cikin keji, ya haɗa dambe da kokowa da shuri. An soma babbar gasarsa, UFC, a Amurka a 1993. Farin jininsa ya ƙaru a Afirka bayan Kamaru Usman, haifaffen Najeriya, ya zama zakara a 2019.

Sha'awar ba laifi ba ce. Amma zakarun can suna da malamai, da alƙali, da likita a bakin fage. Yaron da ya shaƙe ɗan'uwansa a bayan gari ba shi da mai raba su, alhali shaƙa tana kisa.

Nijar na da nata fage. Tun 1975, da Kantu na Maraɗi ya ci gasar farko a Tawa, kokowa ke tara jihohinmu bisa doka da mutunci. Usman kansa da kokowa ya soma. Wajibi ne hukumomi su gyara filayen kokowa a karkara, tsofaffin ƴan kokowa su hori yara, domin ƙarfin da babu horo ɓarna yake yi.