Ganin likita ta bidiyo: Kada tausayi ya tsaya a bayan gilashin waya

Tun bayan ɓullar annobar korona a Najeriya a ranar 27 ga Fabrairun 2020, ganin likita ta kiran bidiyo ya daina zama abin mamaki a biranenmu. Kullen da aka yi a Legas da Abuja da Kano ne ya tilasta wa mutane da dama gwada hanyar, annoba ta wuce amma al'adar ta zauna. A yau ɗan kasuwar da aka yi wa aiki a Indiya ko Masar yakan ci gaba da ganawa da likitansa ta WhatsApp ko Zoom, ma'aikacin gwamnati a Abuja kuma yakan saurari bayanin likitan da ke duba mahaifiyarsa a Zariya ba tare da ya bar ofis ba.

Babu alamar za a koma baya. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma akasarinsu sun taru ne a manyan birane. Idan ƙwararru suka yi ƙaranci, dole waya ta cike gibin. Abin dubawa shi ne yadda za a yi ganawar ba tare da marar lafiya ya ji kamar da na'ura yake magana ba.

Darasi daga Amurka

A watan Maris na 2019, a garin Fremont na Jihar Kaliforniya, an turo wata na'ura mai allon bidiyo ɗakin wani dattijo ɗan shekara 78 da ke fama da ciwon huhu. Ta cikin allon likita ya shaida masa cewa huhunsa ya lalace, babu sauran wani magani. Dattijon ba ya ji sosai da kunnen da ke ɓangaren na'urar, don haka jikarsa da ke zaune kusa da shi ce ta riƙa maimaita masa maganar. Bai daɗe ba ya rasu. Iyalansa sun koka, labarin ya zagaya duniya, asibitin kuma ya amsa cewa ya gaza.

Likitan bai faɗi ƙarya ba, iyalan ma ba su musanta sakamakon ba. Abin da ya yi musu ciwo shi ne yadda aka isar da shi: ba a jira matarsa da 'ya'yansa sun hallara ba, ba a tabbatar yana ji ba, aka kuma ɗora wa jika nauyin da ba nata ba.

Abin da allo ke ɓoyewa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma likita ba fuska kaɗai yake karantawa ba. Yana lura da yadda mutum ya shigo, da yadda ya zauna, da numfashinsa, da rawar hannunsa. Allon waya kuwa daga kafaɗa zuwa kai yake nunawa, wani lokacin ma a cikin duhu.

Wannan ya fi nauyi a wurinmu saboda yadda muke amsa gaisuwar ciwo. Ko mutum na ganin lahira, in aka ce masa "ya jiki?" zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi." Amsa ce ta ladabi da tawakkali, ba rahoton lafiya ba. Likitan da ya ɗauke ta a matsayin bayani ya wuce gaba, ya yi kuskure babba. Sai ya sake tambaya dalla-dalla: an samu barci jiya? Abinci na shiga? Ana iya takawa zuwa masallaci ko kasuwa kamar da?

Sauraro ma yana da tasa matsalar. Wani sanannen bincike da Howard Beckman da Richard Frankel suka wallafa a Amurka a 1984 ya nuna cewa likitoci kan katse marar lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. A ɗakin asibiti ke nan. A bidiyo, inda murya kan yi jinkiri kafin ta isa, katsewa ta fi sauƙi, shiru kuma yana da fassara biyu: ko mutum hawaye yake haɗiyewa, ko sabis ne ya ɗauke. Ga kuma tsadar data, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da aka amince da shi a Janairun 2025. Mai ƙirga data yakan taƙaita kokensa, ya bar abin da ya fi damun sa a ciki.

Saboda haka abin da likita ke nunawa da jiki a da, yanzu sai ya furta shi da baki. Ya fara da cikakkiyar gaisuwa, ya faɗi sunansa, ya dubi kyamara don mai kallo ya ji ana duban sa. In zai sunkuya ya yi rubutu, ya ce rubutu zai yi. In ya ji shiru, ya ce, "Baba, ina nan, ba sauri muke yi ba." Tun farko kuma a yi yarjejeniya kan wanda zai sake kira idan layi ya yanke. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ko da ta waya ce.

Wa da wa ke ɗakin?

A ƙasar Hausa ciwo ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai jinya, akwai mai biyan kuɗi, akwai babban da ake jiran shawararsa. Bidiyo ya yi amfani ta wannan fuska, domin ɗa da ke Jidda da 'ya da ke Fatakwal za su iya jin bayani daga bakin likita, maimakon jita-jitar dangi.

Sai dai kyamara ba ta nuna wanda ke zaune a bayanta. Matar da ke da larurar mata ba za ta buɗe baki ba alhali surukarta ko ƙanin mijinta na gefe, sau da yawa ma wayar ta miji ce, shi ke riƙe da ita. Wajibi ne likita ya tambayi ko su wane ne ke ɗakin, ya nemi yardar marar lafiya kafin ya yi magana a gabansu, ya kuma san yadda zai nemi a ba su wuri cikin ladabi. Haka nan bai dace a mayar da yaro tafinta tsakanin uwarsa da likita ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi sirrin bayanan marar lafiya da haƙƙinsa na sanin halin da yake ciki, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsananin kariya. Waɗannan haƙƙoƙi ba sa faɗuwa don ganawar ta koma waya.

Idan labarin ba mai daɗi ba ne

A shekarar 2000 Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka fitar da wani tsari mai matakai shida da ake kira SPIKES, wanda ake koyarwa a makarantun likitanci da dama: a shirya wurin zama, a ji abin da marar lafiya ya riga ya sani, a tambayi iya abin da yake son sani, a yi bayani kaɗan-kaɗan cikin harshe mai sauƙi, a ba damuwarsa haƙƙinta, sannan a tsara mataki na gaba. Matakin farko shi ne ya fi wuya ta bidiyo, domin likita ba shi da iko da wurin. Mai yiwuwa mutum yana tsakiyar shago ne da masu ciniki, ko yana tuƙi a kan titi. Labarin kansa ko na gazawar ƙoda ba abin da za a faɗa wa mutum a irin wannan hali ba ne. Matuƙar zuwa asibiti zai yiwu, ido da ido ya fi. In ba zai yiwu ba, a sa lokaci, a tabbatar da wani na kusa ko ma'aikacin jinya a gefensa, a kuma sake kira washegari, domin wanda ya kaɗu ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa.

Aikin da ke gaba

Ba adalci ba ne a ɗora wa likita shi kaɗai wannan nauyi. Wanda ya duba mutum hamsin tun safe ba shi da sauran natsuwar da zai ba na hamsin da ɗaya. Ya kamata asibitoci su ware lokaci da keɓantaccen ɗaki don ganawar bidiyo, Majalisar Kula da Aikin Likitoci, wato MDCN, ta fitar da ƙa'idoji filla-filla kan irin labarin da bai kamata a isar ta waya ba, makarantun likitanci kuma su sa wannan cikin darussansu.

Iyalai ma suna da nasu rabon: a nemi wuri mai haske da shiru, a rubuta tambayoyi tun kafin kira, a ajiye takardun gwaji da kwalayen magani a kusa, a kuma bar marar lafiya ya yi magana da bakinsa. Wanda bai gane ba ya ce bai gane ba, domin neman a maimaita ba raini ba ne, haƙƙi ne.