Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A watan Oktoban 2025 wakilan ƙasashe suka hallara a Landan, a hedikwatar Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, domin su amince da tsarin da zai tilasta wa manyan jiragen ruwa biyan kuɗi kan hayaƙin da suke turnuƙe duniya da shi. Tun watan Afrilu aka daidaita kan daftarin. Sai gwamnatin Trump ta zare ido, ta yi barazanar hana biza da ƙaƙaba takunkumi ga masu goyon baya, Saudiyya ta kawo shawarar a ɗage, aka ɗage da shekara guda. Kowa ya kakkaɓe rigarsa ya kama gabansa. Wannan wulaƙanci ne, kuma mu aka yi wa.

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku suke bi. Alkamar burodinmu, taki, magani, atamfar Kantin Kwari, da yawansu a cikin jirgin ruwa suka iso. Ba wanda ya ce a ɗaure jirage. Amma yawancinsu abin da suke sha shi ne ragowar matata, baƙin mai mai kaurin da sai an ɗumama shi kafin ya gudana a bututu. Kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya daga gare su take fitowa, jiragen sama kuma suna ƙara kusan kashi biyu da rabi. Afirka kaf, da mutanenta sama da biliyan ɗaya, ba ta kai kashi 4 ba. Sai dai wa ruwa yake ci? A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, masana kuma suka nuna ɗumamar yanayi ce ta ƙara wa daminar ƙarfi. Manomin Hadeja da shinkafarsa ta nutse bai taɓa ganin teku ba.

Ku duba yadda aka raba darajar numfashi. Tun 2020 doka ta ce kada sinadarin sulfa a man jirgin ruwa ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Amma da zarar jirgi ya shiga Tekun Baltik, ko Tekun Arewa, ko gaɓar Amurka da Kanada, ko Bahar Rum tun daga watan Mayun 2025, dole ya sauka zuwa 0.1. Matuƙi yana juya famfo ya koma mai tsabta idan ya doshi Rotadam, ya sake juyawa idan ya fuskanto mu. Ɗan dako a Apapa, da direban tirela da ke kwana a layi a Kwatano ko Lome yana jiran kayan Maraɗi, an halatta musu shaƙar ninki biyar. Huhunsu na roba ne?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, harajin da aka hana duniya ta kafa, Turai ta riga ta kafa nata. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai take cajin jirage kuɗin hayaƙi, har da rabin hayaƙin tafiyar da ta taso daga wata nahiya ko ta nufe ta. Kamfanonin jiragen kuwa ba su taɓa aljihunsu ba. Layi ɗaya suka ƙara a takardar kuɗin dako, suka miƙa wa mai kaya. Dilan da ya yi odar mota daga Beljiyam ya biya, mai tura riɗi ko citta Turai ya biya, shi kuma ya zaftare a farashin da yake ba manomi. Kuɗin sun tafi baitulmalin Turai. Su ke da jirgin, su ke da ribar, su ke karɓar tarar. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk kaɗai ya ci ribar kusan dala biliyan 29 a 2022, lokacin da tsadar dako take gasa wa talaka aya a hannu. Ko Laberiya da tutarta take kaɗawa a kan dubban jirage, ofishin rajistar yana jihar Bajiniya ta Amurka.

Sufurin sama ma bai canza zani ba. Wani bincike na 2020 ya nuna cewa kashi 11 cikin ɗari na mutanen duniya ne kawai suka hau jirgin sama a 2018, kuma kashi 1 tak ne suka jawo rabin hayaƙin jiragen fasinja. Duk da haka, man jiragen da ke ƙetare iyaka kusan ba a karɓar haraji a kansa, al'adar da ta samo tushe daga yarjejeniyar Cikago ta 1944. Mai adaidaita sahu an cire masa tallafi a 2023 an ce ya yi haƙuri, mai yawon shan iska Dubai kuwa an ɗauke masa nauyi.

Kada shugabanninmu su laɓe bayan Turawa. Kamfanin jiragen ruwa na Najeriya ya mutu a 1995, Nigeria Airways ya bi shi a 2003, don haka kuɗin dakonmu da dala yake ficewa. Asusun da wata doka ta 2003 ta kafa domin 'yan ƙasa su mallaki jiragen ruwa ya shekara ashirin ana tarawa ba a raba ba. Da aka tashi taron sauyin yanayi a Dubai a 2023, sunaye 1,411 aka rubuta wa Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Me suka dawo da shi? Ga kuma jiragen alfarma da ke yin sahu a filin jirgi duk ranar ɗaurin auren 'ya'yan manya.

Masu cewa harajin duniya zai ƙara tsadar kaya suna da gaskiya, zai ƙara. Amma ai muna biya tun yanzu, ba tare da ko sisi ya dawo ba. Gara asusu ɗaya na duniya da za mu zauna a yi rabo da mu, a ware kaso na gyaran tashoshi, da layin dogo daga Legas zuwa tashoshin tudu na Kaduna da Dala, da madatsun ruwa.

Saboda haka, 'yan majalisa su kira ministan da ke kula da harkokin teku ya faɗa wa jama'a matsayin Najeriya a IMO. Ƙasashen ECOWAS su nemi a sa gaɓar tekunmu cikin yankunan 0.1. A ɗora haraji mai nauyi kan jiragen alfarma. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kano, Maraɗi da Damagaram kuma su buɗe takardun dakonsu, su karanta layi bayan layi, su tambayi inda kuɗinsu yake zuwa. Wanda yake biya yana da haƙƙin magana.